Jikka 30 na biya lauya kafin in sayar da akwatina

Sana'ata a Yamai ita ce haɗa wa ofisoshi ƙaramar kwamfuta mai ajiyar fayil, wadda nake kira akwati, kowane ma'aikaci ya ɗauka daga teburinsa. Manhajojin Linux da Samba nake sa mata, don ta ji yaren Windows na kamfanin Microsoft, wato ƙa'idar musayar fayil ta SMB. Da wani ɗan kasuwa ya ce in haɗa masa guda goma ya kai Kano, gabana ya faɗi. Girkawa a ofis daban, sayarwa daban. Son sanin ko doka ta yarda in sayar ne ya kai ni wurin wata lauya a unguwar Plateau.

Jikka 30 ta karɓa na awa guda, kuma ban yi da-na-sani ba. Na tarar ta buga lasisin Samba, wato sharuɗɗan rarraba manhajar da ake kira GPL na uku, ta bi shi da jan biro. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, ta ci gaba tana fifita da takardar.

"Malam, takardun bayanin ƙa'idar Microsoft abu ɗaya ne, izinin amfani da ƙirƙirarta wani abu ne," in ji ta. Ta kawo mini tarihin: a 2004 Tarayyar Turai ta ci Microsoft tarar yuro miliyan 497, ta tilasta mata bayyana ƙa'idojin sadarwarta. A Disamban 2007 aka biya yuro 10,000 don masu Samba su samu takardun. Yarjejeniyar ta lissafa takardun mallakar ƙirƙira da kamfanin ke da'awa, amma ba ta ba da lasisinsu ba. An jera su ne don a san inda za a kauce. Wannan ban taɓa saninsa ba, alhali shekara nawa ina girka abin.

Na ce, "To Hajiya, Kano fa?" Ta ce mallakar ƙirƙira tana da iyakar ƙasa. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar kare mallakar ƙirƙira mai hedikwata a Yawunde, ƙasashe 17, shekara 20 kariyar take yi. Nijeriya ba ta ciki, sai in nemi lauyan can. Na ji daɗin da ba ta yi mini cika baki ba.

Abin da ya ɓata mini rai: rubutacciyar shawarar da ta ce kwana biyu sai da ta yi kwana tara, ɗan kasuwan yana ta kirana. Kuma da Faransanci tsantsa ta zo.

Yanzu kowane akwati yana fita da kwafin lasisin da filas mai ɗauke da asalin rubutun manhajar, kamar yadda ta umarta.