ISO, HACCP ko Kaizen: Wanne Mai Ƙaramar Masana'anta Zai Fara Zuba Wa Kuɗi?

Duk mai injin casar shinkafa ko matsar man gyaɗa a Sharaɗa, Bompai ko Chalawa da ke Kano ya saba ganin masu jakar takardu suna tallar "satifiket na inganci", kowa na cewa nasa ne zai buɗe maka kasuwa. Hajojin nasu sun sha bamban, kuma ba duka kake buƙata a lokaci guda ba.

Abin da doka ta wajabta shi ne gaba. Mai sarrafa abinci, ruwan leda, magani ko kayan shafawa dole ya yi rijista da NAFDAC, ya kuma sabunta duk shekara 5. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, wadda aka kafa a 1971, tana da shirin MANCAP na tantance kayan da aka ƙera a cikin gida. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne kacal, nan za ka kai su, domin rashin waɗannan takardu na iya sa a garƙame maka masana'anta.

ISO 9001 shi ya fi suna. An fara fitar da shi a 1987, an sabunta shi sau da dama, har da na 2015. Abin da mutane da yawa ba su fahimta ba shi ne, tsarin gudanar da aikinka yake shaida: yadda kake sayen ɗanyen kaya, yadda kake rubuta abin da ya faru, yadda kake magance koken kwastoma. Ɗanɗanon shinkafarka ba ya cikin lissafinsa. Takardar tana aiki shekara 3, kuma masu binciken suna dawowa duk shekara, kowace zuwa da kuɗinta. Ƙungiyar ISO da ke Janiba ba ta ba kowa satifiket da kanta, kamfanonin tantancewa ne ke bayarwa. Don haka ka tambayi wanda ya zo maka wace hukuma ce ta amince da kamfaninsa, ka bincika da kanka. Wanda ya yi maka alkawarin takarda cikin mako ɗaya ba tare da ya taka ƙasan masana'antarka ba, ka sallame shi.

Ga mai harkar abinci, ni HACCP nake fifitawa. Asalinsa daga Amurka ne, a shekarun 1960, lokacin da hukumar NASA da kamfanin Pillsbury ke neman abincin da ba zai cutar da 'yan sama jannati ba. Ginshiƙansa 7 ne, amma tushensu guda: ka bi kayanka tun daga buhun da ya shigo daga kasuwar Dawanau har zuwa kwalin da zai fita, ka gano inda cuta za ta iya shiga, ka sa ma'auni a daidai wurin. A gyaɗa da masara, gubar aflatoksin da ke biyo bayan danshi da fumfuna ita ce babbar barazana. A wake kuwa, maganin ƙwari ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin da ke cikin fiya-fiya, kuma abin ya shafi har waɗanda ba su taɓa zuba shi ba. Irin wannan asara HACCP ke tarewa tun a sito.

Kaizen (inganta aiki kaɗan-kaɗan a kullum) da tsarin 5S (matakai biyar na kimtsa wurin aiki), waɗanda Japan ta shahara da su musamman a Toyota, kusan kyauta ne: a ware tarkace, kowane kayan aiki ya sami mazauninsa, a riƙa share wuri, a saurari leburan da ke gaban inji idan ya kawo gyara. Horo na 'yan kwanaki ya isa, muddin maigida da kansa zai riƙa zagayawa. Six Sigma, tsarin rage kurakurai na kamfanin Motorola, da ya fito a 1986, yana neman kada kuskure ya wuce 3.4 cikin miliyan. Yana buƙatar tarin alƙaluma da ƙwararrun masu lissafi, kuma masana'anta mai ma'aikata ashirin ba ta kai nan ba tukuna.

Kafin duk wani satifiket na ganin dama, ka sayi na'urar auna danshi, ka gyara sikelinka, ka buɗe littafin da za a riƙa rubuta kowane lodi da abin da aka auna. Shanshera da danshinta ya haura kashi 14 cikin ɗari ba ta ajiyuwa lafiya a sito, ko da wace takarda ka maƙala a bangon ofis. Idan kuma wani babban kanti ko mai fitar da kaya waje ne ya sa kake neman satifiket, ka ce ya rubuto maka ainihin wanda yake so da irin kamfanin tantancewar da zai yarda da shi, sannan ka biya.