Allurar Baya ko Ƙwaya: Yadda Na Ga Aikin Wani Asibiti a Kumasi

Sashen jijiyoyi na wani asibiti mai zaman kansa da mutanenmu na Aboabo da Asawase ke zuwa ya cancanci yabo a kan abu guda, wato rashin gaggawar ɗaukar allurar baya, wadda ake zuƙo ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka da ita. Can aka duba ƙanwata da ciwon kai ya matsa mata, ganinta yana dusashewa, tana jin bugun jini cikin kunne. Sai da aka leƙa idonta aka ga jijiyar gani ta kumbura, abin da kan nuna ruwan nan yana matsa wa ƙwaƙwalwa, sannan aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, domin idan akwai ƙari a ciki aka zuƙi ruwa ta baya, ƙwaƙwalwa na iya zamewa ƙasa, abin da kan kai ga rasa rai.

Likitar ba ta ɓoye mana komai ba. Allurar tana shiga ne ƙasa da inda laka ta ƙare, saboda haka shanyewar ƙafa da ake tsorata mutane da ita a zango ba kasafai take faruwa ba. Abin da aka fi gani shi ne ciwon baya da ciwon kai mai tsananta idan an miƙe, mai lafawa idan an kwanta. Ta ce zuƙar farko dole ce, domin da ita ake auna ƙarfin ruwan, wanda a jikin babba bai kamata ya wuce santimita 25 a bututun awo ba. Maimaita ta ne ba shi da amfani sosai, tun da jiki yana samar da kusan rabin lita na ruwan nan kullum, kuma abin da aka cire ba ya daɗewa yake dawowa.

Shi ya sa aka ɗora ta a kan Acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox, tare da shawarar rage ƙiba. Maganin yana rage samar da ruwan, amma yana jawo yin fitsari akai-akai da jin kamar ana tsira allura a yatsu, har ma da tsakuwar ƙoda, don haka mai shan sa ya tuntuɓi likita kafin azumi. Topiramate kuwa an ajiye shi gefe, saboda ƙanwata amarya ce kuma yana iya cutar da ɗan tayi.

Inda suka gaza shi ne ɗakin maganinsu, wanda ba shi da ƙwayar a ranar, sai da muka nemo ta a Adum. Kuɗin hoton ma, a ganina, ya kamata a faɗa wa dangi tun a bakin ƙofa.