Randa, jarka ko bokitin ƙarfe: wanne za ka saya don ruwan sha?

A Damagaram famfo ba ya alƙawari, musamman da bazara, shi ya sa ruwan da ɗan garuwa ya kawo yakan kwana biyu ko uku a mazubi, cikin zafin da ke haura digiri 40. Zafi kuwa shi ke sa wasu robobi su riƙa sakin sinadarai cikin abin da aka zuba musu. Akwai BPA, mai kwaikwayon homon na mata (homon sinadari ne da jiki ke yi don tafiyar da ayyuka irin su balaga da haihuwa), akwai kuma fitalat da ke rage homon na maza. Ba ciwon ciki suke sawa nan take ba, a hankali suke taɓa balaga, haila da haihuwa, kuma mai ciki da jariri sun fi shiga haɗari. Faransa ta hana BPA a mazuban abinci tun 2015.

Ni dai randar Mirriya nake so, ba na ɓoyewa. Yumɓu ne da wuta, babu abin da masana'anta ta ƙara mata. Tana naso kaɗan-kaɗan, iska ta busa, ruwa ya yi sanyi ba ruwanka da ɗauke wutar lantarki. In za ka saya, ƙwanƙwasa cikinta da bayan yatsa: mai kyau takan yi ƙara tangaran, wadda ta tsage ko ba ta gasu ba sai ka ji ƙarar ta mutu. Duba gindin da kyau, can tsaga ke ɓuya. Ka cika ta ka zubar sau biyu kafin a fara sha, ka kafa ta kan yashi a inuwa. Sharaɗinta murfi da moɗa guda mai mariƙi, don in yara na tsoma hannu, zawo zai riga kowane sinadari isowa.

Bokitin inoks, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, ba laifi, sai dai tsada, ruwan kuma ya yi ɗumi. Kwalba ba ta gidan yara ba ce.

Sai jarka, inda ha'incin yake. Jarkar nan mai launin ruwan ɗorawa da aka ci man girki a cikinta, mai lamba 2 cikin alwatika a gindi, tana da dama-dama in ba a bar ta a rana ba. Lamba 5 ma haka. Lamba 3 da 7 ka wuce su. Amma cikin tarin jarkoki da durom na hannu akwai waɗanda suka ɗauki maganin ƙwari ko baƙin mai, an ɗauraye da omo an kankare takarda. Wani ya taɓa rantse mini cewa man gyaɗa kaɗai jarkarsa ta sani. Ta wuni a rana a rufe, ina buɗewa warin fiya-fiya ya bugi hancina. Roba na shan magani, wanki ba ya fitar da shi ko da toka da ruwan zafi. Dubi sawun takardar da aka ɓare, nemi hoton ƙoƙon kai, alamar guba, ka shinshina murfin, don can wari ya fi daɗewa. In ciki na ƙamshin turare ko lemun tsami, tambayi kanka me ake rufewa.

Kar a ɗauka wasa ne. A 1980 maganin ƙwari mai haɗe da DDT ya malala tafkin Apopka a Amurka, daga baya masana suka tarar ƙwan kadoji da yawa ba sa ƙyanƙyashewa, mazan kuma al'aurarsu ta tsumbure. A Japan a 1968 sinadarin PCB, irin wanda ke cikin man tsofaffin taransifoma, ya shiga man girki, aka haifi jarirai da fata mai duhu. Durom ɗin da ba ka san asalinsa ba, ko kyauta aka ba ka, kar ka shayar da akuya ma da shi.