Faifan fim a laftof, murya ƙasa-ƙasa: me za ka saya, me za ka ƙyale?

Ka saka faifan DVD a laftof, ka ƙure ƙarar har ɗari, amma 'yan wasan kamar raɗa suke yi. Kana cikin kasa kunne sai mota ta fashe a fim ɗin, ka zabura. Ka cire faifan ka buɗe YouTube, sai ga sauti garau. A nan ne mutum kan yanke hukuncin cewa sifika ta mutu ko na'urar karanta faifan ta tsufa, ya fara lissafin sayen sabuwa. Galibi babu ko ɗaya daga cikin biyun, kuma wanda bai san tushen matsalar ba zai kashe kuɗinsa a inda ba nan ciwon yake ba.

Sautin fim an tsara shi ne don zauren silima. Mafi yawan faifan DVD, tun fitowarsu a 1996, suna ɗauke da sautin Dolby Digital ko DTS mai layi 5.1: sifika biyu a gaba, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe, sai ɗaya mai gurnani don fashewa da tsawa. Kusan duk maganar 'yan wasa a layin tsakiya take. Laftof kuwa sifika biyu gare ta, don haka dole manhaja ta cusa layukan cikin biyu, kuma garin yin hakan takan rage ƙarfinsu don kada sautin ya dagule. Bayan wannan, masu haɗa fim da gangan suke ajiye magana can ƙasa, wajen desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 27 zuwa 31 ƙasa da ƙololuwar ƙarar da faifan zai iya ɗauka, don su bar wa harbi da kiɗa fili. YouTube yana daidaita sautinsa ne wajen desibel 14 ƙasa da ƙololuwa. Tazarar ta haura desibel 10, kuma kunnen ɗan Adam yana jin desibel 10 kamar an ninka ƙara sau biyu. Ka haɗa wannan da 'yan sifikun laftof masu wat ɗaya ko biyu, ka ga inda raɗar ta samo asali.

Saboda haka abu na farko da za ka cire daga jerin sayayyarka shi ne sabuwar na'urar karanta faifai. Aikinta kawai kwaso bayanai daga faifan ta miƙa wa kwamfuta. Mai tsada da mai arha, ƙara ɗaya za su ba ka. Idan hoto na tsayawa ko faifai na ƙin buɗewa, to wannan wata magana ce.

Kafin ka taɓa aljihu, akwai gyaran da ba ya cin ko sisi, kuma a ganina shi ke warware matsalar yawancin mutane. Shiga jerin zaɓin sauti na faifan kansa. Faifai da yawa suna da layin sitiriyo, wato na sifika biyu, wanda ake rubuta wa 2.0, kusa da na 5.1. Zaɓe shi; wannan kaɗai kan fito da magana fili. Sannan duba saitin sauti na Windows ka tabbata an nuna masa sifika biyu ne. Idan ya ɗauka shida kake da su, zai riƙa tura magana zuwa sifikar tsakiya wadda babu ita, sai ka ji kiɗa rangaɗau amma bakin mutane na motsi babu murya. Akwai kuma mahaɗar ƙara ta Windows (Volume Mixer), inda kowace manhaja ke da nata ma'aunin daban. Sau da yawa za ka tarar na manhajar kallon fim ɗin yana can rabi.

Daga nan sai manhajar kallo. Tun Windows 8 a 2012 Microsoft ya daina haɗa mai kunna DVD a cikin tsarinsa, shi ya sa jama'a suka koma ga VLC, wadda ƙungiyar VideoLAN ta Faransa ke bayarwa kyauta. VLC tana bari ka wuce kashi 100, har ka kai 200, kuma nan ne mutane ke ruguwa da gudu. Ban ba da shawarar haka ba. Ƙarin yana ɗaga raɗa da fashewa ne tare, sai wuraren da dama suke da ƙarfi su koma karkarwa, kuma 'yar sifikar laftof ba ta jure wannan azaba na tsawon lokaci. Abin da kake buƙata shi ne mai matse tazarar da ke tsakanin raɗa da fashewa, wanda ke cikin VLC da sunan Compressor (danna Ctrl da E ka shiga ɓangaren sauti). Shi yana danne wuraren hayaniya, ya ba ka damar ɗaga sauran. A Windows ma akwai makamancinsa, Loudness Equalization, sai dai ba kowace laftof ke nuna shi ba, ya danganta da direban sautin da aka saka mata, wato manhajar da ke sarrafa sifikunta.

To manhajojin sayarwa fa? Waɗanda ke tallar "ninka maka ƙara" ba su yin wani abin da VLC ba ta yi a kyauta. Inda biyan kuɗi ke da ma'ana shi ne idan faifanka Blu-ray ne. Waɗannan suna zuwa da kulle da ake kira AACS, VLC ba ta buɗe su haka kawai, sai irin su PowerDVD na kamfanin CyberLink. Amma ka sani buɗe faifan ka saya, ba ƙara ba.

Idan ka gama duk wannan kunnenka bai gamsu ba, yanzu ne maganar saye ta taso, kuma tambayar ita ce: kai kaɗai kake kallo ko da mutane?

Mai kallo shi kaɗai, babu abin da ya kai iyafis ko hedifon mai waya. Shi ne mafi arha, kuma da yake sautin a bakin kunne yake, raɗar ma za ka ji ta. Abu ɗaya za ka duba a jikin kwalin: lambar om, wadda ke nuna wuyar da laftof za ta sha wajen tura shi. Mai om 16 zuwa 32 kowace laftof za ta iya tura shi. Manyan nan na ɗakin ɗaukar sauti masu om 250 ko 300 suna son wuta fiye da abin da ramin laftof ke bayarwa. Ka saya da tsada ka dawo gidan jiya, sai ka ƙara da ɗan amfilifaya mai shiga USB. Wannan ɗan amfilifayan yana da amfani kuma idan ramin iyafis na laftof ɗinka ya fara ƙara-ƙara ko shuu. Amma a yi hattara da kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade desibel 80 na awa 40 a mako ga babba, kuma fim ɗin da ka ɗaga don jin magana zai kwarara maka fashewa kai tsaye cikin dodon kunne. Ko da iyafis, bar mai matse tazarar nan yana aiki.

Masu kallo a taru kuwa sifika za su nema, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Ƙananan nan masu shan wuta daga USB suna da kyan gani da sauƙin ɗauka, amma lissafi bai goyi bayansu ba. Ramin USB 2.0 bolt 5 yake bayarwa da rabin amfiya, wato wat 2.5 ke nan gaba ɗaya. Na USB 3.0 ya kai 4.5. Sun fi na cikin laftof, musamman da yake suna fuskantarka maimakon tebur, amma ba za su cika falo ba. Masu nasu wayar soket su ne na gaske. Wajen karanta ƙarfinsu, nemi adadin wat da aka rubuta wa RMS, shi ne ainihin ƙarfin da sifikar ke iya bayarwa a ɗore. Idan ka ga kwali ɗan mitsitsi yana iƙirarin wat dubu da harufan PMPO a gefe, ado ne kawai. Kada kuma akwatin gurnani ya ruɗe ka. Yana ƙara wa fashewa armashi, bai ƙara wa magana komai.

Sifikar Bluetooth tana da ƙarfi daidai gwargwado, ga ta babu tarkacen waya, sai dai tana da jinkiri. Sautin kan makara da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, abin da ba ka lura da shi a waƙa amma a fim sai ka ga baki ya riga murya. Masu tsarin rage jinkiri da ake kira aptX Low Latency sun rage shi zuwa wajen milisakan 40, da sharaɗin laftof ɗin ma ta san wannan tsarin. A VLC ta Windows, maɓallan J da K suna matsar da sauti gaba ko baya da milisakan 50 a kowane dannawa, don haka ana iya gyarawa, illa dai idan da maɓallan ka gyara, za ka riƙa yi a kowane fim. Idan tana da ramin waya, sa waya ka huta.

Wanda ke da talabijin a gida wataƙila wayar HDMI kaɗai ta ishe shi, domin hoto da sauti tare take ɗauka, kuma sifikun talabijin sun fi na laftof nesa ba kusa ba. Mataki na sama shi ne doguwar sifikar nan da ake shimfiɗawa ƙarƙashin talabijin. Idan za ka saye ta saboda wannan matsalar, nemi mai lamba 3.0 ko 3.1, domin ukun nan na nufin tana da sifikar tsakiya ta kanta, wato magana ta samu mazauninta na asali. Mai 2.1 ba ta da ita. Duba kuma ko tana da maɓallin fito da murya ko yanayin dare, sannan ko ta san DTS, don wasu Dolby kawai suke karantawa.

Duk wadda za ka gwada, kada ka yarda a gwada maka da waƙa, kowace sifika gwana ce a waƙa. Tafi da laftof ɗinka da faifan da ya dame ka, ka nemo wurin da mutum biyu ke hira a hankali, ka ja baya kamar taku uku ka saurara.