Kairal ko haifa: wanne za ka fara haɗawa da filayen babban sifin?

Ɗan'uwa da ke digiri na biyu a Jami'ar Bayero, ka tambaya ko da maltifilet (wato rukunin filaye da sufasimetiri ya ɗaure wuri guda) ɗin kairal na N=1 za ka fara, ko da haifa (hypermultiplet) na N=2, inda N ke nufin adadin sufasimetiri, wajen haɗa su da filayen geji na sufakonfomal masu babban sifin, wato spin da ya haura 2.

Sharaɗinsu ɗaya ne: filin ya zama ba shi da nauyi, kuma ba ya mu'amala da kansa. Ka sa masa nauyi, simetirin konfomal ya rushe. Ka ƙara Φ³, wato mu'amalar filin kairal Φ da kansa, konfomal ɗin yana nan a matakin kilasika, amma karant ɗin da sifin ɗinsu ya haura 2 sun daina kiyayuwa. Nan ɗalibai suka fi tuntuɓe.

Kairal ɗan ƙarami ne: sikala kwamfiles ɗaya, famiyon na Weyl ɗaya, da filin taimako F. Karant na farko shi ne Φ̄Φ, wanda ke haɗuwa da maltifilet ɗin bekta. Mai bi masa shi ne sufakarant na Ferrara da Zumino na 1975, abokin sufagirabiti na konfomal, sai na sama su biyo baya. Wahalarsa, dole kowane sauyin geji ya bar Φ a kairal, kuma da ka wuce mataki na farko a hanyar Noether, wato gina haɗawar mataki-mataki, sai ƙarin filaye sun shigo kafin lissafi ya rufe.

Haifa kuwa sikala riyal 4 ne da famiyon na Weyl 2. Ba ya rubutuwa ba tare da dogaro da lissafin motsi ba sai da filayen taimako marasa iyaka, shi ya sa ake shiga sufasifes na hamonik, wanda Galperin, Ivanov da abokansu suka gina a 1984. Shigar ce ke da tsada. Da ka shiga, ofireta ɗaya tak, dirabatif ɗin hamonik D⁺⁺, ke cikin akshin, wato lissafin da dokokin motsi ke fitowa daga cikinsa, haɗawar kuma gyara wannan ofireta ne kawai.

Ko wanne ka ɗauka, kada ka yi tunanin tsayawa a sifin 3. Haɗa sauyin geji biyu na sifin 3 kan haifar da na sifin 4, haka abin zai yi ta hawa.

Ni dai kairal zan ce ka fara da shi, don kana iya warware shi fili-fili a takarda ka kama kuskurenka. Kafin nan ma, ka zauna da ginin Segal da Tseytlin na 2002 a kan sikala zalla, ka tabbatar da hannunka cewa a fuska 4 na sarari da lokaci akshin ɗin filin geji mai sifin s yana ɗauke da dirabatif 2s.