Famasi ko gudanar da asibiti: amsar tambayar Hajiya kan karatun 'yarmu

Hajiya, barka da war haka. Na ga tambayarki tun shekaranjiya, aiki ne ya sha kaina. Kin ce 'yarmu ta gama sakandare, ranta na kan karatun harhaɗa magunguna, wato famasi, amma makin JAMB ɗinta bai kai ba. Sai ga wata jami'a mai zaman kanta ta ba ta gurbi a fannin gudanar da asibitoci da harkokin lafiya, kawunta kuma ya ce ta karɓa kawai, ai duk aikin asibiti ne. Kina son sanin bambancinsu, da kuma ko ta karɓa ko ta jira baɗi.

Allah ya ja kwanan kawu, amma ba ɗaya ba ne. Ni famasi na karanta, na yi shekaru tsakanin tagar ba da magani da sito, daga baya na koma makaranta na ƙaro digiri na biyu a ɓangaren gudanarwa. Na ci tuwon gidajen biyu, don haka zan faɗa miki yadda na same su.

Abin da ya raba su tun daga tushe shi ne lasisi. Famasi sana'a ce da doka ta zagaye da katanga. Hukumar PCN mai kula da sana'ar famasi, wadda Shugaba Buhari ya sa wa sabuwar dokarta hannu a 2022, ita ke tantance tsangayoyin famasi na jami'o'i, ita ke yi wa wanda ya kammala rajista, ita ke ba da izinin buɗe kantin magani. Komai kuɗin mutum ba zai buɗe cikakken famasi ba sai da mai lasisi da zai tsaya a kansa. Gudanarwa kuwa fili ne babu shinge. Ranar da aka buɗe gurbin jami'in gudanarwa a asibiti, 'yarmu za ta tarar da wanda ya karanta sha'anin mulki a layi, ga na tattalin arziki, ga akanta, ga kuma nas ko likita da ya ƙaro digiri na biyu. Akwai ƙungiyar ƙwararrun masu gudanar da asibitoci, IHSAN, tana da amfaninta, sai dai ba ta tsare ƙofa yadda PCN ta tsare tamu ba.

Daga nan ne maganar da na fi so ki riƙe ta fito. Wanda ya yi famasi, in ya ga dama, shekara biyu ta ishe shi ya tsallaka gudanarwa. Wanda ya fara da gudanarwa, in zuciyarsa ta koma kan famasi, sai ya dawo ya faro kusan daga farko. Ki dubi masu riƙe da harkar lafiya a ƙasar nan, yawancinsu haka suka bi. Farfesa Muhammad Ali Pate likitanci ya karanta a ABU Zariya, sai daga baya ya je Ingila da Amurka ya ƙaro ilimin tafiyar da tsarin lafiya da na kasuwanci, ya shugabanci hukumar lafiya a matakin farko ta ƙasa kafin ya kai ga kujerar minista. Marigayiya Dora Akunyili, wadda ta riƙe NAFDAC daga 2001 zuwa 2008 ta hana masu jabun magani barci, famasi ta karanta.

Wani abin da ba a cika faɗa wa yara ba: a asibitocin koyarwa na tarayya, dokar 1985 ta keɓe kujerar shugaban asibiti ga likita. Ƙololuwar da ɗan gudanarwa zai kai ita ce Daraktan Gudanarwa, wanda shi ne sakataren hukumar asibitin. Babbar kujera ce, ba wasa ba. Mu ma masu famasi dokar nan ta rufe mana waccan ƙofa, kuma tana cikin abin da ƙungiyar JOHESU, ta ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba, ta daɗe tana ƙorafi a kai. Wannan dai rigimar wata rana ce.

Sai batun karatun kansa. Famasi na son Turanci, bayoloji, kemistiri da fiziks a JAMB, kuma gurabensa kaɗan ne, domin kowace tsangaya da adadin ɗaliban da aka yarje mata ta ɗauka. A Arewa akwai shi a ABU, wadda ita ce uwa, da Jami'ar Bayero, Jos, Maiduguri, Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da jami'o'in jihohin Kaduna da Gombe. Tsohon tsarin B.Pharm shekara 5 ne, sabon tsarin Pharm.D, wanda jami'o'i ke komawa kansa, shekara 6. Bayan nan sai shekara guda ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin wani mai lasisi, a zauna jarrabawar PCN, sannan hidimar ƙasa. Ki lissafa: kusan shekara 8 kafin ta tsaya da ƙafarta, in ba a yi yajin aiki ba. Na ASUU na 2022 kaɗai wata 8 ya ci. Samun wurin sanin makamar aikin ma wani yaƙi ne, na san waɗanda suka zauna gida watanni suna jira.

Kuma karatu ne mai cin rai. Kemistiri ba ya sakin ɗalibi daga shekarar farko har ta ƙarshe. Safiya aji, yamma ɗakin gwaji, dare rubuta rahoton gwajin. A zamaninmu maki 50 ne cin jarrabawa, darasin haɗa magani kuwa sai 60, kuma in ka kuskure lissafin awo a gwajin hannu, ko da sauran aikinka ya yi kyau, malami zai ja layi ya ce ka kashe mara lafiya. Mun sha kuka a kan ɗan turmi da taɓaryar tangaran ɗin nan. Amma akwai daɗi. Darasin magungunan tsirrai ne ya fi burge ni, ranar da na gane cewa maganin zazzaɓin cizon sauro da muke bayarwa kullum daga wani tsiro dangin tazargade aka samo shi, sai na fara kallon kayan kakata da wani ido.

Gudanarwa shekara 4 ce, babu turmi babu warin sinadari. Kasafin kuɗi, tattalin arzikin lafiya, dokokin sayen kaya da ba da kwangila, kula da ma'aikata, ƙididdiga, inshora. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta sa wannan kwas cikin sabuwar manhajar da ta fitar a ƙarshen 2022 a matsayin digirin farko, amma a ƙasar nan an fi saninsa a matakin gaba da digiri: Jami'ar Nsukka na da sashensa a harabarta ta Inugu, Bayero na ba da digiri na biyu a tattalin arzikin lafiya, ga kuma digiri na biyu na lafiyar al'umma a ABU da Bayero. Ma'ana, masu ɗaukar aiki da yawa ba su saba ganin mai digirin farko a fannin ba tukuna, sai ta yi ta bayanin abin da ta karanta.

Bari in nuna miki aikin da ido, don sunan kwas ba ya faɗin komai.

Wata Litinin ina taga, layi har bakin baranda. Wata mata ta miƙo takarda, goye da yaro ɗan wata tara. Na duba awon maganin da aka rubuta, na dubi yaron, na ce, "Baiwar Allah, an auna nauyinsa?" Ta ce an auna, ta nuna min kati. Na buga lissafi sau biyu, awon ya ninka abin da ya kamata. Na bar tagar na taka har ɗakin likita. Mutumin ya ga marasa lafiya sun fi hamsin tun safe, ya duba, ya dafe kai, ya gyara, ya ce Allah ya saka. Na dawo na zuba maganin, na zana mata rana da wata a jikin kwalbar tunda ba ta karatun boko, na sa ta maimaita min yadda za ta ba shi. Na bayan ta kuma suna ta tsaki wai na cika ɓata lokaci. Famasi ke nan: tsayuwa, lissafi, da haƙuri da mutanen da ba su san abin da ka kare su daga gare shi ba.

A wani asibitin da na yi aiki kuma, ba zan kama suna ba, mun zo da safe muka tarar firjin sito ya ɗumama. An ɗauke wuta tun dare, janareta ba mai, domin takardar sayen dizal ta kwana uku a kan teburin wani ba a sa mata hannu ba. Insulin da allurar tsayar da jinin haihuwa duk muka ware su gefe, babu mai yarda ya ba mutum. Ilimina na famasi bai tsinana komai ba ran nan. Bayan wata biyu aka kawo sabuwar jami'ar gudanarwa, mace mai shiru-shiru. Ta buɗe littafin dizal, ta sa ranar sayen mai tun tanki na rabi, ta bi takardun kuɗin inshora da suka maƙale har aka biya, ta sa aka haɗa wa firjin sola. Ba ta taɓa ba mara lafiya ko ƙwaya ɗaya ba, amma ban san adadin matan da suka tashi daga gadon haihuwa lafiya saboda ita ba. Ita ce ta sa na koma makaranta. Don haka kada kowa ya ce miki gudanarwa karatun waɗanda suka rasa ne.

Wajen samun abin yi, famasi ya fi faɗin ƙofofi: asibiti, kantin magani, kamfanonin sarrafa magani waɗanda akasarinsu ke Legas da Ogun, tallan magani ga asibitoci, NAFDAC, NDLEA, da ƙungiyoyin agaji masu rarraba magani. Doka ma ta fara cizo. An hana maganin tari mai kodin a 2018, a 2024 kuma aka tashi 'yan kasuwar magani na Sabon Gari a Kano zuwa cibiyar Dangwauro da ke hanyar Zariya. Duk lokacin da aka matsa irin wannan, darajar mai lasisi ƙaruwa take. Ga mace kuma akwai wani sauƙi: in aure ya kai ta wani gari, lasisinta na cikin jakarta, tana iya buɗe nata ta tsara lokacinta. Sai dai jari ba ƙarami ba ne, ga kemis a kowane lungu yana sayar da abin da bai kamata ba a farashin da ba za ta iya ba. Za kuma a zo mata da tayin ta ba da hayar lasisinta a rataya a kanti, tana gida ana turo mata kuɗi. Ki gargaɗe ta tun yanzu. Ranar da aka kama jabu a wurin, sunanta ne a bango.

Gudanarwa kasuwarta na tasowa ne. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, jihohi sun kafa hukumomin taimakekeniya irin KSCHMA a Kano. Duk waɗannan na neman wanda ya iya lissafi, bin takardu da rubuta rahoto. Amma gaskiya ɗaya ce: aikin gwamnati sai da hanya, mai asibitin kuɗi kuma sau da yawa ƙaninsa ko matarsa yake ɗorawa manaja. Waɗanda na ga sun yi fice su ne suka haɗa digirin da wata ƙwarewa ta hannu, musamman sarrafa alƙaluma a kwamfuta, Excel da manhajar DHIS2 da ake tattara bayanan asibitoci da ita.

To ga ra'ayina, Hajiya. In kemistiri da lissafin yarinyar nan masu ƙarfi ne, maki kaɗan ne ya kuɓuce mata, ta jira. Shekara guda ba komai ba ce a kan sana'ar shekara talatin. Ta sake JAMB, ko ta bi ta shirin share fagen shiga jami'a na IJMB da ABU ke gudanarwa ta nemi shiga aji biyu kai tsaye. In kuwa da ƙyar da jiɓin goshi ta haye kemistiri, farin kot ɗin ne kawai ke burge ta, kada a tura ta inda za a koro ta a aji uku. Ta karɓi gudanarwar da zuciya ɗaya, bayan kin tabbatar NUC ta amince da wannan kwas a wannan jami'a, ba jami'ar kawai ba.

Ki kuma kula da tarko uku. Famakoloji, wato ilimin yadda magani ke aiki a jiki, ba famasi ba ne, sunan ne ya yi kama, digirinsa ba ya ba da lasisi, kuma yara da yawa sai a aji biyu suke ganewa. Kwas ɗin mataimakan masu harhaɗa magani na kwalejojin kimiyyar lafiya sana'a ce mai kyau, amma matsayinta daban. Sannan in wani ya zo da maganar karatu a Kwatano, ki tuna a farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo. Ko daga Indiya ko Masar aka yi famasi, sai an dawo an bi shirin horon PCN an ci jarrabawarsa kafin a samu rajista.

Ki turo min sakamakonta na WAEC in ga kemistiri da lissafi. In kin amince kuma, ta zo wurina ranar Litinin, ranar da layi ya fi tsawo: ta yini da ni a taga, Talata in kai ta ofishin gudanarwa ta yini da su. Ki ce mata ta karya da kyau, ta sa takalmi mara tsini.