Aflasafe a gonar masarar kiwo: abin da na gani bayan damina biyu

Mu masu kiwon shanun nono da tumakin turka mun saba auna dusa da ido da hanci, idan ba ta dunƙule ba kuma ba ta wari, sai a zuba wa dabba. Amma gubar aflatoksin ba ta da wari ko ɗanɗano, kuma masara tana iya yin kyau a ido alhali tana ɗauke da ita. Wata funfuna ce mai suna Aspergillus flavus take haifar da ita, tana zaune a cikin ƙasa, tana shiga masara da gyaɗa tun suna gona, musamman idan an yi fari da zafi ko ƙwari sun huda zangarniya. Dabbar da ta daɗe tana cin irin wannan abinci hantarta takan lalace, ta rame, nononta ya ragu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wani kaso na gubar yana fita a cikin nonon saniya, kuma tafasawa ba ta kawar da shi, ga shi yaran gida su ne masu shan kindirmon.

Wannan ne ya sa na gwada Aflasafe a gonata ta ƙasar Lere, inda nake noma masarar da nake niƙa wa dabbobi. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ce ta samar da shi tare da abokan aikinta, kuma hukumar NAFDAC ta yi masa rajista a 2014. Da na buɗe buhun sai na ga dawa ce kawai mai launin shuɗi, an gasa ta don kada ta tsiro, sannan an shafe ta da irin wannan funfuna guda huɗu na ƙasar Najeriya waɗanda ba sa yin guba. Dabarar ita ce marasa gubar su riga masu gubar mamaye gonar, su hana su wurin zama.

Aikin watsa shi ba shi da wahala, domin da hannu ake yi kamar taki, kilo 10 a kowace hekta, makonni biyu zuwa uku kafin masara ta yi fure. Sharaɗinsa ne yake buƙatar kula. Dole ƙasa ta kasance da danshi, kuma a gama maimai da huɗa tukuna, saboda idan aka binne ƙwayoyin aikin ya ɓaci. A daminar farko na yi gaggawa, na watsa a wani ɓangare kafin masu huɗa su zo, kuɗin wannan ɓangaren ya tafi a banza, laifin kuwa nawa ne. Inda na bi ƙa'ida, bayan kamar mako guda na tsuguna a gindin masara na ga shuɗin dawar ya rufe da koren gari mai laushi, alamar funfunar ta kama aiki. Kajin maƙwabta kuma sun so su mayar da gonar wurin kiwo, sai da aka tsare su kwanakin farko.

Gwaje-gwajen IITA sun nuna yana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye, kuma kariyar tana bin hatsin har cikin rumbu. Sai dai manomi ba zai ga wannan da idonsa ba, gwaji ne kaɗai yake tabbatarwa, kuma dillalin kasuwa ba ya ƙara ko sisi don an ce masarar ta ci Aflasafe. Haka nan aflatoksin kaɗai yake yaƙa, ba ruwansa da fumonisin, wata gubar masara da funfunar Fusarium take haifarwa. Ba ya gyara buhun da ya riga ya lalace, kuma harawar gyaɗa ko ta wake da aka ɗaure da laima aka jibge a kan rufi za ta yi funfunarta ko an watsa ko ba a watsa ba.

Saboda haka wanda yake noma abincin dabbobinsa da kansa shi zan ba shawarar saye, da sharaɗin ya shanya masararsa a kan tamfol har ta bushe ƙayau, ya tsince ruɓaɓɓun zangarniyoyi maimakon ya zuba wa tumaki kamar yadda muka saba. Mai sayen dusa da tunkuza a kasuwa kuwa, sai dai ya nemi manomin da ya watsa, ya ƙulla ciniki da shi tun masara tana goyo.